Kaye ɗaya, kwafi uku: abin da ya same mu ranar rabo

Mu matan Kelle ne, a gundumar Gure, jihar Damagaram. Mun daɗe muna shawara ko mu rubuta wannan labari ko mu bar shi a cikin gida, don akwai abin kunya a ciki. Daga ƙarshe muka ce gara mu faɗa, tunda mun ji ƙungiyoyi da yawa sun fara aika lissafinsu ta salula kamar yadda muka yi, kuma in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Kun san tsarin Mata Masu Dubara a ƙasarmu aka haife shi, a jihar Maradi, shekarar 1991, da tallafin ƙungiyar CARE, kafin ya bazu zuwa wasu ƙasashe. Iyayenmu da suka fara shi a nan ba su da kaye ba su da bik. Akwati ne da makullai uku, sai kai. A kan tabarma ake ƙirga kuɗi da ƙarfi, kowa na ji. In mace ta karɓi bashi, ta kusa da ita ta dama da ta hagu su riƙe adadin a ransu. In ta maido, a sake ƙirgawa a gaban kowa. Daga baya wasunmu muka shiga karatun yaƙi da jahilci, muka iya rubutu, kaye ya shigo. Mun ji daɗinsa ƙwarai, amma ba mu bar ƙirga da baki ba, kuma za ku ga amfanin da hakan ya yi mana.

Yanzu ƙungiyoyi bakwai ne muka haɗu a tarayya guda. Uku suna cikin garin Kelle, huɗu suna ƙauyukan da ke bayan duwatsun Kutus. Wata ƙungiyar sai an yi rabin yini a amalanke kafin a kai gare ta. Abin da ya sa muka nemi wata hanyar ajiye lissafi shi ne wata damina da ɗakin ma'ajiyar ƙungiya ɗaya ya zube. Akwatin ƙarfe ya tsira da kuɗinsa, amma kayen da ke kansa ya jiƙe ya zama kamar fura. Lissafin wata takwas ya tafi. Sai da aka yi zama uku ana tuno wa juna kafin a tada shi.

Ɗiyar ɗaya daga cikinmu tana karatu a Damagaram, tana da ƙaramar kwamfuta. Ita ta kawo shawara. Ta ce kowane mako, in an tashi daga zubi, marubuciya ta ɗauki hoton shafin kaye ta tura mata ta WhatsApp. Ita kuma ta zuba shi a jadawalin kwamfuta, ƙarshen wata ta tura wa animatiris ɗin da ke bibiyarmu daga Gure. Animatiris ta duba, ta buga a takarda, ta kawo mana in ta zo. Muka ga abu ya yi kyau. Daga Gure zuwa Damagaram ya fi kilomita 150, ga lissafinmu na zuwa can yana dawowa ba wanda ya biya kuɗin mota. Kusan shekara muna haka ba matsala.

To, sai ranar rabon bara, ana saura kwana kaɗan a kama azumi.

A ƙungiyar ƙauyen arewa akwai wata baiwar Allah, mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu. Man gyaɗa take yi da ƙuli-ƙuli. Ta ɗauki bashin jika 15 ta sayi gyaɗa, ribar wata jika ɗaya da rabi. Da aka zo karanta takardar da aka bugo daga Gure, sai aka ji sunanta cikin waɗanda ba su biya ba. Har an lissafa mata ribar wata uku, bashin ya tashi jika 19 da rabi. Rabonta na shekara, zubin dala hamsin kowane mako haɗe da riba, jika 15 ne. Ke nan za ta koma gida hannu biyu, kuma ana bin ta jika huɗu da rabi, ga azumi a bakin ƙofa.

Ta miƙe ta ce, “Hajiya, wallahi na biya. A gabanku na biya, ranar da aka yi sunan jikar Inna.”

Marubuciyar ƙungiyar ta buɗe kaye, ga shi nan an rubuta ta biya jika 16 da rabi. Nan ne muka yi kuskuren da har yau muke jin nauyinsa. Mun riƙe kaye a hannu ɗaya, takardar kwamfuta a ɗayan, sai zuciyarmu ta karkata ga takardar. Fara ce tas, layukanta a miƙe, ba gogewa ba ƙari. Kayen kuwa ya sha hannu, ga ɗigon mai a gefe. Wata ta ce ai inji ba ya ƙarya. Wata ta yi ƙasa da murya ta ce marubuciyar ai ƴar ƙanwar matar ce, wa ya sani ko daga baya aka cusa layin. Kun ji inda magana ta kai. Cikin minti kaɗan an taɓa mutuncin mata biyu.

Tsohuwar da muke kira Inna ce ta tsayar da mu. Ba ta iya karatu ba, ko sunanta ba ta rubutawa. Ta ce, “Ku ajiye takardun nan duka. Su wa ke zaune kusa da ita ran nan?” Mata biyu suka ɗaga hannu. Aka raba su, aka tambayi kowace ita kaɗai. Dukansu suka ce takardar jika goma guda, ta jika biyar guda, ta jika guda, sauran tsaba ne a ƙulle a bakin zane. Mai ƙirga ta tuna haka. Sannan aka zazzage akwati aka ƙirga: kuɗin ciki ya zarce abin da takardar Gure ta ce da jika 16 da rabi cif. Aka ba matar rabonta, muka ba ta haƙuri a gaban kowa, muka ba marubuciya haƙuri. Ta karɓa, amma mako uku ba ta zo zubi ba, sai dai ta aiko ɗiyarta da kuɗi. Sai da muka taka har gidanta.

Bayan Salla muka zauna da yarinyar Damagaram da animatiris don mu gano inda aka yi ɓatan kai. Ba wanda ya ci amana. Ga yadda abin ya kasance. Salular da marubuciya ke amfani da ita ta mijinta ce. Ta ɗauki hoton shafin ranar, ta danna turawa, ta mayar masa da abinsa. A ƙauyensu rezo sai an hau tudu, kuma kuɗin intanet ya ƙare. Hoton ya zauna a cikin salula mako uku. A tsakanin nan wata ya ƙare, yarinya ta tura wa Gure jadawali babu wannan biyan. Da hoton ya iso, ta gyara nata, ta sake turawa da suna iri ɗaya da na farko. Animatiris tana da ƙungiyoyi da yawa a kanta. Ta ga suna ɗaya, ta ɗauka wanda ta riga ta sauke ne, ta ci gaba da aiki a kan tsohon, tana ƙara riba wata bayan wata. Ashe lissafinmu ya zama kwafi uku: na Damagaram mai gyara, sabon da ke Gure ba a buɗe ba, da tsohon da aka buga.

A wannan zaman muka fahimci abin da muke so ku ma ku riƙe. Tura takarda daban, tarayya a kan takarda daban. In kin tura wa mutum fayil ta WhatsApp, ko ta Bluetooth, ko ta Xender, ko kin kwafa masa a memori, kamar kin ɗebi hatsi a tiya kin ba shi ne. Daga wannan lokacin nasa daban naki daban. In kin ƙara a naki, nasa bai sani ba. Tarayya kuwa rumbu ɗaya ne kowa ke leƙawa. Ana ajiye jadawalin a wuri guda a intanet, ta Damagaram ta buɗe shi, ta Gure ta buɗe shi, mu ma mu buɗe a salula, kuma duk abu ɗaya muke gani. In ɗaya ta gyara, gyaran ya bayyana ga sauran.

Irin waɗannan rumbuna suna da yawa. Akwai Dropbox, akwai OneDrive na kamfanin Microsoft, akwai Google Drive da aka buɗe a 2012. Mun zaɓi na ƙarshen saboda salulolinmu masu Android sun zo da shi, kuma duk mai asusun Google ana ba shi wurin ajiya na giga 15 kyauta, wanda ya ishi lissafinmu na shekaru. Da yarinyar ta ce masu abin suna kiransa gajimare, Inna ta ce ita ba ta yarda a kai kuɗinta sama ba, gajimaren Kutus ma sau nawa yake haɗuwa ya watse ba ɗigo. Aka yi dariya, aka bayyana mata cewa suna ne kawai. Manyan gidaje ne cike da kwamfutoci a Amurka da Turai da wasu wurare, can takardar take kwana. Kuɗi kuwa suna nan cikin akwati.

Sai kalma ta biyu, wato daidaitawa. Tunda rezo ba kullum ba ne a wajenmu, ana iya saita jadawalin ya buɗu ko babu intanet. Abin da kika rubuta a lokacin yana zaune a salularki kaɗai. Sai ta samu rezo take kai gyaranki rumbu, ta ɗauko na wasu ta kawo miki. Kafin wannan lokacin, abin da kike gani tsohon labari ne, ko da ya yi miki kama da sabo. Shi ya sa yanzu ba ma karanta lissafi daga salula sai mun tambaya: yaushe rabonta da rezo? Haka ma a WhatsApp mun koya wa kowace marubuciya alamomin da ke gefen saƙo. In ɗan agogo ne, saƙo bai bar salula ba. Alama ɗaya, ya tafi amma bai isa ba. Alama biyu, ya shiga salular wancan. Da marubuciyarmu ta san ɗan agogon nan, da ba a yi abin da aka yi ba.

Kada ku ce daga nan komai ya gyaru. Wata biyu da komawa rumbu ɗaya, salular yarinyar ta cika, ta shiga share abubuwa. Ta ga jakar hotunan kayenmu na bara a cikin Drive, ta ɗauka a salularta suke cin wuri, ta goge. Washegari animatiris ta kira daga Gure ta ce jakar ta ɓace a wajenta. Mu ma muka duba, babu. Daidaitawa ba ta bambance gyara da ɓarna. Yadda take kai rubutu ko'ina, haka take kai gogewa ko'ina. Allah ya taimake mu, abin da aka goge a Drive yana zama cikin kwandon shara kwana 30 kafin ya tafi gaba ɗaya, sai aka maido. Shi jadawalin kansa yana riƙe tarihin gyare-gyare, ana iya ganin wa ya canza me, da wace rana, a kuma koma yadda yake a da. Amma mun ɗauki darasi. Yanzu ƙarshen kowane wata ana sauke kwafi a memori, a naɗe shi a leda, a jefa cikin akwatin mai makullai uku. Wannan kwafin ba ya daidaituwa da kowa, don haka ba mai iya goge shi daga nesa.

Abu na uku ya fi waɗannan zafi, kuma laifinmu ne mu shugabanni. Da farko a zauren WhatsApp na tarayya ake zuba hotunan kaye, da sunaye da adadin bashin kowa. Mun manta cewa rabin salulolin da ke zauren na mazaje ne ko na samarin gida. Wani magidanci ya buɗe, ya ga abin da matarsa ta tara a shekara, ya ce sai ta ciro ta ba shi ya sayi rago. Wata kuma kishiyarta ce ta ji adadin bashinta daga bakin yaro, aka yi ta yi mata gori a bakin rijiya. Abin da mace ta faɗa a kan tabarmar zubi amana ce, kuma mu muka fitar da ita da hannunmu ba mu sani ba. Animatiris ta gaya mana ƙasarmu ma tana da doka a kan kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar da ke kula da ita a Yamai, wadda ake kira HAPDP a taƙaice. Ko babu doka, mun san bai dace ba. Yanzu kowace mace tana da lamba. A hoto da jadawali lamba ake gani. Takardar da ke haɗa lamba da suna guda ce tak, da hannu aka rubuta ta, tana cikin akwati.

Maganar wa ke da ikon taɓa jadawalin ma mun zauna a kanta. Drive yana ba da izini kala uku: mai kallo kawai, mai iya barin tsokaci, da mai iya gyarawa. Mun ga ai makullan akwatinmu ne a wata siffa. Mutum biyu kaɗai ke gyara, yarinyar da ke shigar da lissafi da marubuciyar tarayya. Animatiris tana barin tsokaci in ta ga abin da bai yi mata ba, amma ba ta canza adadi. Shugabannin ƙungiyoyi bakwai kallo ne nasu. Akwai kuma wani zaɓi da ke buɗe takarda ga duk wanda ya samu mahaɗinta. Wannan mun rufe shi, don mahaɗi yana yawo daga salula zuwa salula kamar tsegumi.

Asusun da farko da sunan yarinyar aka buɗe shi. Sai wata ta tambaya: in ta yi aure ta tafi, ko salularta ta faɗa hannun ɓarawo fa? Muka buɗe sabo da sunan tarayya, muka sayi layi na tarayya, muka mayar da komai can. Layin muna sa masa kuɗi lokaci lokaci, saboda layin da aka daɗe ba a taɓa ba ana iya rufe shi, kuma ta cikinsa ake maido asusu in an manta kalmar sirri. Kalmar sirrin an rubuta ta, an rufe a ambulan, tana cikin akwati ita ma.

Ga ƙa'idojin da muke bi yanzu, ko za su amfani wata ƙungiya:

1. Kaye shi ne uwa. In kaye da kwamfuta suka saɓa, ba a yanke hukunci sai an kira shaidun zama an ƙirga akwati.
2. A saman kowane shafi, kafin a ɗauki hoto, a rubuta sunan ƙungiya da kwanan wata da manyan baƙaƙe.
3. Marubuciya ba ta cewa ta tura sai ta ga alama biyu, kuma mai karɓa ta maido saƙon murya ta karanta jimillar da ta gani.
4. In rubutu ƙanana ne, a tura hoton a matsayin takarda, don WhatsApp yana rage ingancin hoto, bakwai ta koma kamar ɗaya.
5. Jadawali ɗaya ne. Ba a tura kwafinsa don a yi aiki a kai.
6. Duk takardar da aka buga sai an rubuta ranar da aka buga ta, kuma mako guda kafin rabo a karanta wa kowace mace abin da ke gaban lambarta, ita kaɗai, da Hausa ko da Barbarci, wanda ta fi ji.

Abin yana cin kuɗi, kada mu ɓoye muku. Akwai na intanet, akwai na caji wurin mai sola. Mun yanke kowace ƙungiya ta ware dala ɗari a wata daga kuɗin tara. Ƙauyukan da rezo ya yi musu nisa kuwa, ranar kasuwa marubutansu ke zuwa, a tura hotunan ta Xender ba tare da intanet ba zuwa salular tarayya, ita kuma ta hau da su rumbu. Wani lokaci lissafinsu yana makara da mako guda. Mun yarda da haka, muddin kowa ya san ya makara.

Duk da wahalar ba mu yi nadama ba. Da daminar bana gara ta ci rabin kayen wata ƙungiya, cikin yini ɗaya aka kwafe shi daga hotuna. Da muka je neman rance don sayen injin niƙa, lissafin shekara biyu muka ajiye a kan tebur, ba wanda ya ce mu koma mu dawo. Kuma ƴan matanmu biyu sun koyi shigar da lissafi, don kada aikin ya rataya a wuyan mutum ɗaya.

Ita kuwa mai man gyaɗa, a zaɓen da ya wuce ƙungiyarta ta ba ta makulli ɗaya cikin ukun. Ranar da aka miƙa mata ta ce tana da sharaɗi: duk ranar da za a karanta takardar inji, a fara ƙirga akwati tukuna. Aka amince, kuma sauran ƙungiyoyi shida suka ɗauka.

Ƙungiyar da ke son ganin yadda muka tsara jadawalin, ko yadda ake ba da izinin kallo da na gyara, ta aiko ta hannun animatiris ɗinta, ko ta same mu ranar zubi. Za mu nuna muku a salula, ku riƙe da hannunku ku gwada. Allah ya sa albarka a asusunmu, ya kare mu daga zargin juna, ya ba mu damina mai albarka. Amin.